Ƙwarya da Sanda Biyu

In na ce maka an taɓa yi mini addu'ar mamaci ina tsugune da raina, har na amsa da amin, za ka ce wannan zol ɗin, wato mutumin nan, ya fara. To ka ce. Mutanen ƙauyenmu ma haka suke cewa da na buɗe baki, don ni ne mutumin da ya taɓa rantsuwa cewa sauron Dinder ya ɗaga masa gidan sauro, ya leƙo, ya yi sallama kafin ya ciji. Amma wannan labarin ko gishiri ban sa masa ba, in ma na sa, ɗan na miya ne. Abu ne da ba zan manta ba har a kai ni makwancina, kuma duk a kan wani ɗan zane ne da bai kai farcen babban yatsa ba.

Ƙauyenmu yana bakin kogi, gaba kaɗan da garin Suki. Kakanninmu daga ƙasar Sakkwato suka taso za su Makka, ƙafa ta gaji a nan, suka ce bari su ɗan huta. Har yau hutawar muke yi. A nan muka tashi mu uku kamar duwatsun murhu: ni, da ɗan Hajja maƙwabciyarmu, da wani mai tabarau wanda tun muna yara in an ƙunso mana ƙosai a takarda, mu mu ci ƙosan, shi ya karanta takardar. Da muka gama sakandare babu abin yi, sai mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ba mu wani ɗan fili a jarf, wato gaɓar kogi inda ruwa ke janyewa ya bar ƙasa mai laushi kamar kunu. Muka noma albasa.

To ga al'adar garinmu, ka riƙe ta, don a kanta komai ya rataya. In an cire albasa, kowa yakan jibge buhunansa a bakin hanya ana jiran lori, buhu kuwa duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Don haka kowane gida da alamarsa, da shuɗin wanki ake shafa ta. In noman tarayya ne, sai a ja sanda a cikin alamar, duk wanda ya zuba gumi da sandarsa guda. In ɗaya ya rasu, ba a shela a kan buhu. Kaka mai zuwa kawai za ka ga sanda ta ragu, ka yi masa addu'a ka wuce. Tamu alamar ƙwarya ce a buɗe, da sanda uku a tsaye a ciki. Ni ke shafawa, don su biyun ba sa son shuɗi a yatsa. Nakan ja ta ɗan Hajja a dama, ta mai tabarau a hagu, tawa a tsakiya. Tawa kullum a karkace take fita, don kafin in zo kanta na riga na fara ba da labari ina dariya, hannu yana rawa.

Daga baya suka tafi. Mai tabarau ya samu karatu, ya yi ta gaba har ya tsaya a Alƙahira. Ɗan Hajja ya bi wani kawunsa Saudiyya, ya koyi aikin kwamfuta. Ni kuwa mahaifina ya kwanta ciwo, ga hawasha, gonar gidanmu da ke shan ruwan tur'a, wato magudanar ban ruwa, ga ƙanne mata, sai na ce su yi gaba ina nan tafe. Ka san "ina nan tafe" ta Bahaushe. Na samu raksha mai ƙafa uku ina jigila tsakanin ƙauye da Suki, shekaru suka yi ta shiga suna fita kamar fasinja.

Kada ka ji ina ba'a ka zaci zaman da daɗi. Sa'o'ina duk sun watse, wasu birni, wasu haƙar zinariya, wasu ƙetare. In na je wurin mai shayi da la'asar, benci biyu ne: na dattawa, da na yaran da na goya a kafaɗa. Ni ba ni nan, ba ni can. Dattawa su ce in rage surutu. Yara su yi dariyar ladabi, kafin in kai ƙarshen labari ido ya koma kan waya. Har ta kai ina ba raksha labari a hanya, ita kuwa ba ta taɓa katse ni ba sai in mai ya ƙare. Muna da guruf a Watsab mu uku, ni ke cika shi. In tura murya da safe ina kwaikwayon dillalin kasuwa har maƙogwaro ya bushe, sai jibi a aiko mini da fuskar nan mai hawayen dariya, guda ɗaya tak, kamar sadakar Juma'a.

Abin da ya rage mini na su biyun shi ne Hajja. Ɗa namiji guda gare ta, 'ya'yanta mata sun yi aure a Damazin, ga ciwon suga. Ni ke kai ta asibitin Suki, ni ke ɗauko mata tukunyar gas, ni ke hawa rufin ɗakinta in damina ta matso. Kada ka ɗauke ni waliyyi, jabanarta ce ta kama ni, kofi mai citta wanda in ka kurɓa sai ka ji kunnenka ya buɗe har kana jin hirar kifi a kogi. Kuma ita kaɗai ce a garin take sauraron labarina har ƙarshe, sannan ta ce, "Ƙarya kake, ɗan nan. Ƙara mini wata."

Wata rana na ji su biyun sun haɗa kai sun buɗe kamfani. Manhaja ce ta waya: manomi ya danna, ya ga yadda ake sayar da dawa da riɗi da albasa a Suki da Dinder da Damazin kafin dillali ya yi masa wayo, ya kuma nemo mai tarakta ko mai lori da ke kusa da shi. Wallahi tunani ne mai kyau. Kuma a jarf ɗin nan aka haife shi, ranar da wani dillali ya kwashe albasarmu a wulaƙance, muka zauna mu uku muna zaginsa har bakinmu ya gaji. Ba su ce in shigo ba, ni ma ban ce a sa ni ba. Me zan kawo, raksha? Na tura musu mabruk, wato barka, na ce in Allah ya buɗa su saya mini jirgin sama, amma mai ƙafa uku, don shi na iya tuƙawa.

Sai ga saƙo daga mai tabarau, harshensa ya koma rabi Larabcin Masar. Ya ce, "Ya zol, muna neman shi'ar, tambarin kamfani, ɗan zanen da zai zauna a fuskar waya. Wata mai zane a nan ta yi mana guda uku. Mu mun daɗe da barin gida, idonmu ya lalace. Kai ne idonmu a can. Ka duba, ka nuna wa mutane, ranar Juma'a ka faɗa mana gaskiya."

Kai ne idonmu. Na saurari wannan maganar har batir ya yi kuka. Na yi wanka, na sa jallabiya mai guga, don kawai in buɗe hoto, sai ka ce za ni ɗaurin aure. Shabaka, wato sabis ɗin waya, a garinmu sai an bi ta da lallashi, don haka na hau gaɓar tur'a na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, har hotunan suka sauka.

Na farko tsuntsu ne shuɗi, fukafukansa an yi su da zare-zare irin na cikin rediyo, baki a buɗe. Kyau kam akwai. Na danna murya na ce, "Ya jama'a, kamfanin manoma za ku sa wa tsuntsu? Mutanen da ke wuni a kan rumfa suna kaɗa gwangwani suna korar jan-baki daga dawa? Manomi ya ga wannan a wayarsa, majajjawa zai ɗauko ya fasa gilashin."

Na biyu haruffan sunan kamfanin ne, na Larabci da na boko, an murɗe su cikin juna a tsakiyar ƙwallon duniya, launi kamar zanen amarya. Na ce, "Wannan kuma hanjin kaza ne aka zuba a faranti. Kai mai tabarau sai ka ara wani tabarau ka ɗora a kan naka kafin ka karanta, bare masu albasa da rabinsu ba sa karatu. In aka rage shi ya koma girman ƙuda, ƙudan zai zama, kuma matacce."

Ina cikin dariyata na buɗe na uku, sai dariyar ta tsaya cak. Ƙwaryarmu ce. An gyara ta, ta yi santsi, kore a kan fari, amma ko a mafarki na gan ta zan gane ta. Ga sandar dama, ga sandar hagu. Tsakiya fili fetal.

Na goge gilashin da hannun riga. Na ce ko shabaka ce ba ta gama sauke hoton ba, ta riƙe sanda guda a hanya, don halinta ne. Na ƙara hawa tudu, na sake saukewa. Biyu ne.

Mutum irina in abu ya soke shi ba ya cewa wash. Na danna murya na ce, "Na ukun kuwa zomo ne ya faɗa ƙwarya, kunnuwa kaɗai suka rage a waje." Nan take, abin da ban gani ba shekara da shekaru, su biyun suka aiko da dariya a tare. Na sauko daga gaɓar da jallabiyata mai guga, na ƙudura a raina sai na kashe zomon nan.

Na mai da raksha kotu, ni kuwa alƙalin da ya yanke hukunci tun kafin a shigo da ƙara. Duk fasinjan da ya hau sai ya ba da ra'ayi. Nakan daɗe a kan tsuntsu ina cewa dubi kyau, dubi fiffike, in na zo kan ƙwarya in ja yatsa da sauri. Bai yi aiki ba. Wani manomin riɗi daga Dinder ya kalli tsuntsun ya ja tsaki ya ce, "Wannan ai ɓarawo ne, wa ya ɗauke shi hoto?" Wani direban lori ya karɓi haruffan, ya juya waya, ya juya kansa, ya ce, "Asibiti ne ko banki?" Amma da an zo kan ƙwarya, ko wanda bai taɓa jin labarinmu ba sai ya riƙe mini hannu. Wata mata mai goyo ta ce, "Tsaya, mai raksha, ina kake gudu? Wannan ita ce. Abu ya tsiro a ƙwarya, ai albarka ke nan."

Ranar kasuwar Suki na ce bari in gwada 'yan garinmu, ko su za su taimake ni. Akwai wata tsohuwa daga unguwarmu da ke kasa albasa a bakin rumfa, idonta ya yi yana, sai ta kawo abu dab da hanci take gani. Rana ta yi zafi, na naɗe fuska da rawani, ido kawai a waje. Na tsuguna a gabanta na ce, "Iya, duba mini nan, wanne ya fi?"

Ta ga tsuntsu, ta kaɗa hannu kamar mai korarsa. Ta ga haruffa, ta ce ita ba ta cin kayan ciki. Da ta zo kan ƙwarya sai ta kawo ta dab da hanci.

Ta ce, "Wagga ai alamar yaran jarf ce. 'Yan ukun nan masu albasa."

Ta sa farce a kan gilashin tana ƙirgawa. Ta taɓa ta dama, ta taɓa ta hagu, ta dawo tsakiya tana kankara, ko ta ɓuya.

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tsakiyan ne ya tahi, mai karkatar nan. Yaushe? Ni ban ji ba."

Na ƙara jan rawani na rufe fuska.

Ta ce, "Allah ya jiƙan shi. Yaron akwai surutu awa rediyo, amma ba shi da mugun ciki. Shi ke kai Hajja asibiti. To yanzu wa za ya kai ta?"

Ta ɗaga hannu ta yi mini fatiha. Na ɗaga nawa, na shafa, na ce amin. To me zan ce? In ce Iya ni ne, ban mutu ba, cire ni kawai aka yi? Kai ka faɗa mini wanne ya fi sauƙin fita a baki. Ta zaɓi albasa mai kyau guda ta damƙa mini, ta ce in kai gidan makoki. Na karɓa. Ita ce gaisuwar mutuwata, kuma da ita aka yi miyar ran nan.

Ban ƙara ɗaukar fasinja ba. Na wuce jarf da rana tsaka, na zauna a gindin wata bishiya. Filin yanzu wani ke noma kuɓewa a ciki. Kogi yana ta tafiyarsa, shi ma gaba yake yi. Ka san abin da ya fi ci mini rai? Labari mafi ban dariya da ya taɓa faruwa da ni ke nan a duniya, kuma mutum biyun da za su fi kowa sheƙewa da shi, su ne ba zan iya faɗa wa ba.

Sai na ce to, an ce ni ne ido, bari in yi aikin ido. Na jingina wayar da dutse a cikin rana, na ja da baya. Wayata dama gilashinta a tsage yake kamar ƙasar kogi da rani, irin wayar kowane manomi. Tsuntsu ya koma ɗigon shuɗi. Haruffa suka narke suka zama kunu. Ƙwarya tana nan daram. Na ƙara ja da baya har na kusa faɗawa ruwa, tana nan tana kallona da kunnuwanta biyu. Na rage ta ta koma ƙanƙanuwa, na lumshe ido irin na tsohuwar nan, na zana ta da yatsa a ƙasa, sau ɗaya ta fita. Duk ta inda na ɓullo mata ta riga ni. La'ananniyar ta fi su, nesa ba kusa ba.

Ga shi kuwa wuƙa da nama suna hannuna. Da na ce musu gari kaf tsuntsu yake so, za su yarda, don ba su da wani ido sai ni. A buga tsuntsu, manoma su yi ta dariya, ƙwarya ta mutu ba wanda ya ƙara ganin ramin da ke tsakiyarta. Amma na san shekarun da suka zuba a abin nan. Na san ɗan Hajja a ɗaki guda yake kwana da mutum biyar don ya tara abin da zai sa a ciki. In kuma na faɗi gaskiya, da bakina zan zaɓi buhun da babu ni, ya zauna a wayar kowa daga nan har Damazin. Na zauna da wannan har inuwa ta juya, albasar makokina tana aljihu.

Ranar Juma'a bayan la'asar na tafi gidan Hajja, don lokacin ne ɗanta ke kiranta, kuma a gindin dalbejiyarta shabaka ke ɗan sauka ta sha iska. Tana kan tabarma tana soya kofi a kasko. Waya ta yi ƙara, fuskokinsu suka fito, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, duk sun yi ƙiba.

Ɗan Hajja ya ce, "Ya mudir, babban manaja, mun ji shiru. Yaya zomonmu?"

Na ce, "Zomo ya ci zaɓe. Tsuntsu ɓarawo ne, haruffa kayan ciki ne, ƙwarya kuwa ko makaho ya shafa zai gane ta. Na gwada a rana, na gwada a fasasshen gilashi, na gwada a kan masu karatu da marasa karatu. Ku ɗauke ta, kada ku ƙara mata komai, kada ma ku sa suna a ƙasa."

Suka yi ta murna. Mai tabarau ya ce dama ita zuciyarsa ke so, tsoro yake kada a ce ƙauyanci ne. Ya ce tsohon hoton buhunmu ya tura wa mai zanen, daga nan ta ɗauko.

Na gyara murya, na sa dariya a gaba kamar garkuwa, na ce, "Sai dai na ga kamar an yi mata aski. Ba uku ba ne da?"

Mai tabarau ya ce, "A'a, wannan aikin mai zanen ne. Ta ce uku sun yi cunkoso in an rage hoton, suna haɗewa. Sai ta cire ta tsakiyar, dama a karkace take."

Ɗan Hajja ya ce, "Kuma ka ga ya yi daidai, tunda mu biyu ne."

Wallahi ba da mugunta ya faɗa ba. Yana murmushi ya faɗa, kamar mai cewa yau Juma'a. Da da mugunta ne da ya fi mini sauƙi, don na iya faɗa. Mantuwa ce kawai. Sun daɗe ba su ga buhu a bakin hanya ba, sun manta abin da ake nufi in sanda ta ragu.

Na ce, "Tamam. Dama ni na gaji da tsayuwa a tsakaninku, ɗaya warin albasa, ɗaya warin littafi."

Suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, har da buga cinya.

Ban lura Hajja ta daina juya kasko ba. Kofi ya fara ƙauri, abin da ban taɓa ji a gidan nan ba. Ta ce, "Mi kunka ce an cire? Ba ni in gani." Na ce ba komai ba ne, Hajja, zane ne na 'yan boko. Ta miƙo hannu ba ta sauke ba. Na buɗe mata hoton. Ta daɗe tana kallo. Ita ce fa take jiƙa mana shuɗin nan a gwangwani lokacin muna samari. Ta ɗago ta kalle ni, na kau da kai ina neman wani abu a saman dalbejiya. Sai ta ce in mai da mata fuskar ɗanta, ta riƙe wayar da hannu biyu, ta yi magana.

Zan faɗa maka abin da ta ce, amma bari in gama da sauran tukuna, don bayan maganarta babu abin da ke shiga.

Shabakar da kullum take yankewa a tsakiyar gaisuwa, ran nan ta ƙi yankewa. Muka zauna mu huɗu ana kallon juna. Washegari suka aiko da sabon zane mai sanda uku, da dogayen saƙonni na ban haƙuri, rabi Hausa rabi Larabci. Na kai shi jarf na jingina da dutsen nan, na ja da baya. Yarinyar Alƙahira ta yi gaskiya, ukun haɗewa suke yi su zama dunƙule. Na ce musu su bar biyun. Ya fi kyau a waya, kuma sandar da sai da aka yi faɗa aka mayar da ita, ba irin wadda ake ja da dariya ba ce. Haka aka buga shi. Yau in ka shiga kasuwar Suki za ka gan shi a wayoyin masu albasa, ƙwarya kore da sanda biyu, kuma duk wanda ya yaba nakan ce ni na zaɓa, don ni na zaɓa.

Sun aiko mini da babbar sitika na manna a bayan raksha. Ranar da na zo ɗaukar Hajja zuwa asibiti ta gan ta, ta koma ciki ta jiƙo shuɗin wanki, ta tsoma yatsa ta ja sanda a tsakiya. A karkace ta ja ta, da gangan. Duk lokacin da ruwan sama ya wanke, sai ta sake. Hajja ta rasu damina biyu da suka wuce. Ɗanta ya yi iya ƙoƙarinsa, takardun tafiya suka riƙe shi, bai iso ba sai da aka share makoki. Ni na kama gaban makara. Ruwan farko da ya sauka bayan nan ya wanke shuɗin, ni kuwa ban mayar ba. Ba nawa ba ne in mayar.

Abin da na koya, in har mutum irina yana koyo, shi ne wanda ya mai da komai wasa, mutane sukan yarda da shi. Sukan ɗauka ba ya jin ciwo, ba ya bukatar a kira shi, ba ya ƙirga sanda. Na kuma koyi cewa wanda ya tafi ba ƙin ka yake yi ba, ƙanƙancewa kake yi a idonsa kamar hoto a waya, har wata rana a ga ka yi cunkoso. Su biyun har yau abokaina ne, suna kira, ba kullum ba. Na ba su labarin tsohuwa mai albasa daga baya, ba wanda ya yi dariya, aka yi asarar labari mai kyau.

Amma duk wannan dogon surutu nawa ne, irin na rediyo. Hajja a numfashi ɗaya ta gama shi. Ta kalli ɗanta a cikin wayar, ko murya ba ta ɗaga ba, ta ce:

"Kun hidda shi daga ƙwarya don ya yi muku cunkoso? To madalla. Randa na mutu, sai ku turo sandunan nan biyu ta waya, su zo su ɗauki makarata."